Atamfar Inna Rabi ta hana mu tallafi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Hadiza ce daga Gwarzo.

Ni da ƙawata Rifkatu mun ɗauki gajeren fim kan matan Mainika masu matsar man gyaɗa. Ranar ɗauka suka fito da atamfar Sallah da lalle, domin a wajenmu ba a tarbar baƙo da tsumma. Muka tura wa wani bikin fina-finai na ƙasar waje mai tallafa wa sababbin masu shiryawa, ko ma samu kuɗin da za mu kammala shi.

Amsarsu: aiki ya yi kyau, amma matan ba su yi kama da talakawa ba. Wai a sake ɗauka da tsofaffin kaya, a rage dariya.

Na faɗa wa shugabar matan, Inna Rabi. Ta ce, "'Yar nan, duniya za ta kalle ni, in fito kamar wadda gobara ta koro? Su zo su sa tsumman da kansu."

Ashe Malam, sai mun yi dauɗa za a yarda mu ne. Fim yana nan ajiye. Inna ba za ta tuɓe atamfarta ba, ni kuma ba zan roƙe ta ba. Masu sauraro, ina za mu kai shi a kalle mu da kwalliyarmu?