Ba'awa Ta Samu Kujerarta

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Daga Ba'awa nake, kuma da hannuna na rubuta wannan, albarkacin ajin yamma da na shiga da furfurata.

Muna jin labarin gardamar Ikko kan zaman jihohi da gwamnatin tarayya. To, mu ma mun yi tamu. Da za a kafa majalisar gunduma, manyan garuruwa suka ce ƙauyuka kaf wakili ɗaya ya ishe su. Wa zai yi maganar rijiyarmu, alhali ruwan kududdufi ya sa wa jikokina kurkunu?

Na durƙusa gaban hakimi na ce, "Ranka ya daɗe, a gayya ko ƙaramin gida ana zuwa gonarsa."

Wani attajiri ya ce, "Baba, ku nawa ne duka-duka?"

Na ce, "Mu ne muke share hanyar kasuwarku duk kaka. Bana sai ku fito da fartanyoyinku."

Hakimi ya yi dariya, ya ce kowane ƙauye da kujerarsa. Wakilinmu ya yi magana, jiya aka fara haƙa rijiya!

A gaishe mini da mutanen Burumburum. Ku ma ku je ku karɓi taku.