Tun da Garba Ya Gwada Ma'aunin Firji

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Ummaru, ma'aikacin wani disfensare a ƙasar Bukkuyum.

Tare munka fara aiki da abokina Garba, kuma ni na koya mishi kunna firjin kananzir da muke aje allurar rigakafin ƙyanda ciki. Amma da anka tashi tura mutum kwas Sakkwato, shi anka ɗauka.

Da ya dawo, sai ya ciro ma'aunin sanyin firjin, ya tsoma shi cikin kofin ƙanƙara mai narkewa. Ya ce, "Ummaru, sifiri ya kamata ya nuna, ga shi ƙasa da haka. Firjin ya fi yadda muke zato ɗumi, allurar yara za ta lalace." Anka sake ma'auni, munka gyara lagwani.

Yanzu in manya sun zo daga garin Anka, Garba suke tambaya. Ko Innata cewa take in kai ta wurin Garba ya duba ta. Na san gaskiya gare shi, amma in anka yabe shi sai zuciyata ta yi zafi, har na bar cin tuwo gidansu.

Malam, ku ba ni shawara. Ina gaida Garba in yana saurare, don ban iya faɗa mishi wannan da baki.