Gwanin Iska a Layin Asibiti

A ɗakin jira na wani ƙaramin asibiti kusa da bakin tekun Blouberg, Mama Nokwanda na zaune da ɗaurarren goshi, sai wani dattijo jiƙe sharkaf ya zauna gefenta, yana tallafe da hannu yana washe baki.

"Mama, yau an yi iska! Awa huɗu ina wasa a teku kan allona mai filafili, igiyar ruwa na cilla ni sama."

"Kai, sannu da ƙoƙari! Ka taimaki ƙasa."

"Da kin ga tsallen da ya karya ni, da kin tafa."

"Na ga tsalle ai. Kwanon rufin ɗakina ya yi shi a iskar nan, ya sauka a goshina."

Fara'arsa ta ragu. "Ayya. Wa ya kawo ki?"

"Ɗana, yana waje. Kai fa, gwanin iska?"

"Da hannu ɗaya na tuƙo kaina. Bara matata ta ce in zaɓa, ko ita ko teku."

"Madalla. Sai teku ta zo ta kai ka gida."

Mama ta dube shi, ta ja tsaki.

"Ɗana zai sauke ka. Amma in ka buɗe baki a mota, ka taka da ƙafa."