Abin da Mai Kwalli Ta Gani

Ranar kasuwar Ɗan Gulbi, wata mata mai goyo ta tsuguna gaban tsohuwa mai sayar da kwalli.

"Inna, gwada mini in gani."

Tsohuwar ta ja mata fatar ido ƙasa, sai ta ajiye tandun kwallin.

"Ɗiyata, cikin idonki fari fat. Buɗe tafin hannu. Shi ma haka. Jiri na ɗibar ki in kin miƙe?"

"Kullum. Ko daka na fara, sai zuciyata ta riƙa bugawa kamar ta fito."

"Kina cin ƙasa?"

"Wa ya faɗa miki? A ɓoye nake ɓantarar bangon ɗaki."

"Jini ne ya yi miki ƙaranci. Haka na yi bayan haihuwata ta uku. Ki nemi hanta, ki yawaita cin ganyen tafasa da zogale."

"Ashe ciwo ne? Tun damina ake ce mini raguwa a gida, har ni kaina na yarda. Allah ya saka miki da alheri, Inna."

"Amin. Kwallin fa?"

"Bar shi tukuna. Maigidana na can wajen awaki, bari in kira shi. Ki ja idon nan a gabansa, ki maimaita abin da kika faɗa, da ƙarfi."