Walimar Takardar Gwajin Baba

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, Kawunmu, iyayenmu mata, surukai masu daraja, maƙwabta da duk wanda ƙamshin girki ya gayyato, barkanku da zuwa.

A matsayina na babbar 'yar gidan nan, ina gode wa Allah, ina gode muku, ina kuma jinjina wa kwamitin likitocin danginmu, waɗanda ba su taɓa shiga ajin likitanci ba, amma sun warkar da ƙodar Baba.

Da farko, ga yadda aka yi. Baba yana ci yana ramewa, hannu na rawa, zuciya na dukan tara-tara. Likita ta ce 'yar tsokar nan ce ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke kira maƙoƙo, take aiki fiye da kima. Ta ba shi magani. Da aka sake gwajin jini, sai sakamakon ƙoda ya fito da rauni. Goggo ta ce, "Lafiya lau ƙodar yayana take kafin ƙwayoyin nan!" Kawu ya kwashe su ya kulle a durowa. Aka sake gwaji, takarda ta yi kyau, ga mu muna walima.

Na biyu, na koma wurin likitar. Ta ce idan tsokar wuya ta haukace, jini take korawa ƙoda da gudu, naman jiki kuma ya zube, sai awo ya nuna lafiyar da babu. Raunin ƙodar ya daɗe. Maganin yaye masa mayafi kawai ya yi. Ta ce, "Ƙodar za mu iya lallaɓa ta. Zuciyarsa nake ji wa tsoro in bai koma shan maganin ba."

Jama'a, mun gyara takarda, mun bar mai takarda. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ku dubi Baba a kujerarsa: tun ɗazu yake ƙoƙarin kai kofi baki, ruwan na zuba a rigarsa, mu kuwa muna tafi. Wallahi tsoro nake ji.

Allah ya ba Baba lafiya ta gaske, ya saka muku da alheri, ya mai da kowa gida lafiya. Kawu, kafin a rarraba abinci, a taimaka da makullin durowa.

Na gode.