Mutumin Da Silima Bai Faɗi Sunansa Ba

Assalamu alaikum warahmatullah.

Shugaban wannan taro, Alhaji Tchakoura. Mai girma Sarkin Zongo da dattawansa. Malam Liman da sauran malamanmu. Wakilin jam'iyya, wanda ya ba mu izinin taruwa. 'Yan'uwana mata 'yan atamfa na kasuwar Asigame. Baƙinmu na Adakpame da Totsi. Samari da 'yan matan ƙungiyar Zongo. Iyaye da 'ya'ya, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Ni ce Hajiya Zaituna. Kun saba jin muryata a wajen ciniki, ba a gaban lasifika ba, don haka ku yi mini haƙuri. Ina gode wa Allah da ya nuna mini wannan yini, ina kuma gode wa Sarki da ya ce in maimaita wa waɗanda ba su sami shiga zaure ɗazu ba abin da ya tara mu.

Na farko, abin da idona ya gani. Tun muna tsohon Zongo, kafin a maido mu nan Agoe, na tafi saro kaya ƙasar waje. A jirgin dawowa Allah ya zaunar da ni kusa da maƙwabcina, Malam Mamadou mai sayar da keken ɗinki, mijin Yaya Salamatou da ke zaune can. Muna sama wasu mutane suka miƙe da bindigogi, suka juya jirgin zuwa wata ƙasa. Aka ajiye mu a fili, ƙofa rufe, zafi kamar a bakin murhu, yara suna kuka har muryarsu ta dushe.

Mamadou yana jin Faransanci, yana jin Ingilishi. A gabanmu akwai wata 'yar ƙabilar Mina, Madam Akosiwa, da jaririyarta wadda leɓenta ya bushe. Mamadou ya miƙe ya ce a ba yara ruwa. Ɗaya daga cikin masu bindigar ya buge shi da gindin bindiga, ya faɗi. Na kama rigarsa na ce, “Malam, don Allah ka zauna, kana da iyali.” Ya goge jinin da hularsa ya ce, “Hajiya, ita ma wannan iyalin wani ce.” Ya sake miƙewa. Aka kawo ruwan. Da sojoji suka zo ƙwato mu, harbi ya tashi ta ko'ina, shi ya kifa a kan jaririyar nan da uwarta. Harsashi ya same shi a baya. Bai kai asibiti ba.

Da na dawo, Yaya Salamatou ta ce in gaya mata ya cika da kalmar shahada ko a'a, sauran ba za ta iya ji ba. Na ce ya cika da ita. Muka bar maganar a nan.

Na biyu, silima. Turawa suka ɗauki labarinmu suka yi fim da shi, kaset ɗin ya zo Lome bana. Wata rana Sabitu, shugaban samarinmu, ya zo rumfata yana murna, ya ce, “Mma Hajiya, kun fito a bidiyo!” Na je na kalla. To, na ga kaina: wata mata mai ƙaton ɗankwali, ta ninka ni biyu a ƙiba, ba ta ce uffan ba har aka gama. Wannan na yafe musu. Amma a kusa da ita, a kujerar Mamadou, sun sa wani baƙin mutum cikin babbar riga yana kururuwa, yana rarrafe ƙarƙashin kujera. Ba su ba shi suna ba. Ruwan da ya roƙo, wani Bature suka sa ya roƙo shi. Masu kallo suna ta dariya.

Kowa a Zongo ya san wanda ya zauna kusa da ni. Ba a jima ba aka fara ce wa 'yarsa Raliya “'yar mai rarrafe” a lakwal, wato makaranta, har ta daina zuwa. Dattawa suka ce a ƙone kaset ɗin. Samari suka ce tarihi ne, ba mai hana su kallo. Kun san yadda maganar ta yi zafi, har uba da ɗa suka daina cin tuwo a kwano ɗaya.

Wadda ta kashe wutar nan ita ce wadda ta fi kowa ƙonewa. Yaya Salamatou ta same ni a kasuwa ta ce, “Zaituna, in an ƙone wannan, gobe wani zai zo ta kan iyakar Aflao. Ke kina wurin, su ba su wurin. A nuna shi a gaban kowa, ki tsaya kusa da akwatin talabijin, duk inda suka yi ƙarya ki sa a tsayar. Yanzu zan iya ji.”

Abin da muka yi ke nan yau bayan azahar. Inda suka yi gaskiya, na ce gaskiya ne. Zafin nan gaskiya ne, tsoron nan gaskiya ne, shirun da ya sauka lokacin da aka ɗora wa matuƙi bindiga, wallahi haka yake. Inda suka sa masu bindigar nan suna ta ambaton Allah, na ce ni dai ban ga goshin ko ɗayansu ya taɓa ƙasa ba, kuma da muka nemi yin salla tsawa suka daka mana. Da aka zo wurin rarrafe, ban ma buɗe baki ba. Madam Akosiwa, wadda Sabitu ya yi ta cigiya har ya samo ta a Adakpame, ta miƙe ta yi magana da harshen Mina, ana fassarawa. Ta jawo wata yarinya mai kayan lakwal ta ce, “Ga ta nan, sunanta Afi. Ku tambayi masu fim ɗin a ina suka bar wanda ya rufe ta da jikinsa.” Waɗanda suka yi dariya jiya, yau na ga suna share ido da hannun riga.

Na uku, roƙo. Ya ku iyayenmu, kada ku ce za ku rufe wa yara ido, domin kaset ya riga ya shigo gari. Ya ku 'ya'yanmu, ku kalla, amma ku kalla da hankalinku a jikinku. Mai fim yana nesa, ya zaɓi wanda zai ɗaukaka, ya zaɓi wanda zai sa a yi wa dariya. In kun ga an harbe mutum a akwatin nan, aka ce muku abin ya faru da gaske, ku tuna yana da mata, ku tuna yana da 'ya, ku tuna wataƙila gidansu yana bayan naku. Na ji daɗi da ƙungiya ta ce daga yau duk fim irin wannan sai an zauna an tattauna bayansa, kuma za ta hana ƙanana wasan kama jirgi da sanduna a lungu.

Da muka fito daga zaure, Raliya ta riƙe hannuna ta ce, “Mma Hajiya, ashe Baba tsaye yake?” Na ce, “Tsaye yake, 'yata, har sai da ya ga inda ya kamata ya kwanta.” Ta ce ranar Litinin za ta koma lakwal, kuma ita da Afi sun yi alkawarin ziyartar juna. Ni yau zuciyata fari ƙal.

Allah ya jiƙan Malam Mamadou, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan duk waɗanda suka rasu tare da shi. Allah ya saka wa Yaya Salamatou, ya raya Raliya da Afi. Allah ya tsare matafiyanmu a sama da ƙasa da ruwa, ya zaunar da Zongo lafiya, ya zaunar da Togo lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.