Cukun Ranar Alhamis

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Sabi'u, daga Ɗanzomo. Na rubuto ne don abin ya hana ni sukuni.

Duk Alhamis nakan kai awaki kasuwar Maigatari, in sayo wa matata Hajara cuku wajen Zuwaira, wata bazawara 'yar Damagaram. Hajara ta rasu bara, Allah ya jiƙanta, amma ƙafata ba ta daina kai ni rumfar nan ba. In saya, Zuwaira ta yi min gyara ta ce, "A gaida uwargida." In ce, "Za ta ji." A hanya in rabar, don ni cuku bai dame ni ba.

Makon jiya na daure na ce, "Zuwaira, mai cin cukun nan fa ta rasu."

Ta ce, "Na sani, Malam. Da sai ka yi ta juyawa kafin ka zaɓa. Ranar da ka ɗauki na sama ko dubawa ba ka yi ba, na gane. Ni ma bayan rasuwar maigidana na daɗe ina tuƙa tuwon mutum biyu."

Sai ta janye faifan cukun ta ce, "Kada ka ƙara saya sai ka samu mai ci."

Malama, tun ranar barci ya ƙaurace min. Korata ta yi, ko ƙofa ta buɗe min? In na shiga, na ci amanar Hajara ke nan? Masu sauraro, don Allah ku ba ni shawara da wuri, jibi Alhamis.